Agogon ne ko kod ɗin? Fashin baƙi kan awon saurin manhaja da ke ƙin tsayawa wuri ɗaya

Ranar wata Asabar bayan La'asar ɗan ƙanwata ya same ni a gida a Agege, laftof a hammata, littafin rubutu a hannu. Shekara guda ke nan yana koyon Python, wani harshen rubuta manhaja, har ya rubuta wa mahaifinsa 'yar manhaja da ke riƙe lissafin kayan gwari a kasuwar Mile 12: motar wa ta sauka daga Arewa, kwandon tumatir nawa, buhun albasa nawa, wa ya ɗauki kaya bashi, nawa ne la'adar dillali. Mahaifin nasa ya yi ƙorafin cewa shafin lissafin wata yana daɗewa bai buɗe ba, shi kuma sai ya sake rubuta ɓangaren da ke haɗa jimilla ta wata sabuwar hanya, yana so ya tabbatar ta fi tsohuwar sauri.

"Kawu, awon nan ya ƙi tsayawa," in ji shi. "Da safe sabuwar hanya ce a gaba. Bayan Azahar tsohuwar ta wuce ta. Wani lokaci ma sifili yake ba ni, kamar ba a yi aikin komai ba. Kuma wallahi ko harafi ɗaya ban taɓa ba."

Na ce ya ba ni littafin. Na fi minti goma ina duba shi kafin mu buɗe kwamfutar, domin yaron ya yi abin da da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a sana'ar nan a ofisoshin Yaba ba sa yi: ya rubuta kowane awo daban, a jere yadda suka zo, da lokacin da ya yi shi. Abin da aka saba shi ne a yi gwaji sau goma, a tara, a raba, a fito da lamba guda a kai wa oga. Wannan lamba gudan ita ce ke binne shaida. Ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ke sa awo rawa yana da irin sawun da yake bari, kuma sawun agogo daban yake da na zafi, na zafi daban da na intanet. Wanda ya yi saurin tarawa da rabawa ya share ƙasar tun kafin ya duba wa ya taka ta.

Shafin farko, inda ya auna aikin sau ɗai-ɗai, ga abin da ke jere a milisakan, wato ɗaya bisa dubu na sakan: 0, 0, 15.6, 0, 15.6, 0, 0, 15.6, 0, 15.6. Babu 3, babu 7, babu 11. Duk lokacin da ka ga lambobi suna hawa matakala iri ɗaya haka, ba kod ɗinka kake aunawa ba, bugun agogon kake gani. Windows a bisa al'ada tana ɗaga agogonta na yau da kullum sau 64 a kowane sakan, kuma idan ka raba dubu da 64 za ka samu 15.625. Yaron da time.time, umarnin Python mai faɗin lokaci, yake awo, wanda a kan Windows wannan agogon yake karantawa a duk Python da ya fito kafin zubi na 3.13, fitowar Oktoban 2024. Idan aikin ya fara ya ƙare tsakanin bugu biyu, agogon bai motsa ba, sai a ce sifili. Idan bugu ya faɗo a tsakiyar aikin, sai a ce 15.6. Kamar ka ɗora zoben zinare ne a kan sikelin da ake auna buhun masara. Sai dai ko a nan akwai abin da za a tsinta: huɗu cikin goma ne bugun ya kama, ke nan aikin yana cin kusan biyu bisa biyar na 15.6, wajen milisakan shida. Da muka sauya agogo, kusan hakan muka samu.

Abin da ke ƙara rikita mutum shi ne wasu manhajoji, musamman masu kunna bidiyo da sauti, kan nemi Windows ta sauko da bugun zuwa milisakan 1. Sai ka ga yau matakalar ta yi faɗi, gobe ta tsuke, alhali bambancin kawai shi ne me ke buɗe a gefe. Maganin farko a Python shi ne a koma wani agogon mai suna perf_counter, wanda ke gani har ƙasa da mikirosakan ɗaya, wato ɗaya bisa miliyan na sakan. Na biyu shi ne maimaitawa. Mai son sanin nauyin ƙwayar gero ɗaya ba ya ɗora ta ita kaɗai a sikeli, yakan ƙirga dubu ya auna ya raba. Ni dai ba na yarda da awo sai abin da nake aunawa ya ninka bugun agogon sau ɗari aƙalla. Kiran agogon shi kansa yana cin nanosakan gommai (nanosakan ɗaya bisa biliyan na sakan ne), don haka aikin da bai wuce hakan ba ba a auna shi shi kaɗai.

Akwai aibi na biyu a time.time da ya fi wannan haɗari, kuma sabon Python bai raba shi da shi ba, domin ɗabi'arsa ce. Agogon bango ne. Aikinsa ya faɗa maka ƙarfe nawa a duniya, kuma duk agogon bango sai ana gyara shi. Ɗan dutsen kwas da ke bugawa a cikin kwamfuta yana sauri ko jinkiri kaɗan-kaɗan, zafi ma yana taɓa shi. Shi ya sa kwamfuta ke tambayar lokaci ta intanet da tsarin NTP, wanda David Mills ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Idan tazarar ƙarama ce, akan rage ko a ƙara gudun agogon a hankali har ya daidaita. Idan babba ce, sai a ture hannun agogon gaba ɗaya, gaba ko baya. A tsohuwar manhajar ntpd iyakar ita ce milisakan 128. Mu a nan muna da ƙarin dalili: laftof ɗin tokumbo da yawa ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke riƙe lokaci idan an kashe kwamfuta, ya riga ya mutu kafin ta iso hannunmu. Ta tashi da kwanan watan da ba shi ba, ka jona ta da intanet ɗin wayarka, nan take agogo ya yi tsalle. Idan tsallen ya faɗo tsakanin farkon awonka da ƙarshensa, za ka ga lambar da hankali ba zai ɗauka ba, ko ma lambar da ta gaza sifili, wai aikin ya ƙare kafin ya fara.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan koyo kaɗai wannan ke kamawa. A ƙarshen 31 ga Disamban 2016 aka ƙara wa agogon duniya sakan ɗaya na gyara, wanda ya zo daidai da ƙarfe ɗaya na dare a Legas ranar 1 ga Janairun 2017. Kamfanin Cloudflare, mai hidimar shafukan intanet, yana da kod da aka rubuta da harshen Go, wanda ke auna tsawon lokacin da wasu sabobi, wato kwamfutocin da ke amsa buƙatu ta intanet, ke ɗauka kafin su amsa, kuma da agogon bango yake awon. Agogo ya koma baya, awo ya gaza sifili, aka miƙa lambar ga wani aiki da ba ya karɓar irinta, manhajar ta faɗi, wani ɓangare na abokan cinikinsu suka shiga matsala. Kamfanin da kansa ya bayyana yadda abin ya faru. A watan Agustan 2017 Go 1.9 ya fito da gyaran da ke sa awon tazarar lokaci ya dogara da agogon da ba ya komawa baya.

Wannan agogo na biyu shi ne irin na alƙalin wasa. Bai san ƙarfe nawa ba, bai san yau wace rana ba, ƙirga kawai yake yi gaba. Python ya samu perf_counter da monotonic tun 3.3 a 2012. A harshen Java sunansa System.nanoTime, a burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) performance.now, a Linux (takwarar Windows) kuma CLOCK_MONOTONIC. Masu aikin burauza su lura da abu ɗaya: tun da aka fallasa raunin Spectre a Janairun 2018, wanda ke satar bayanai ta hanyar auna lokaci da tsananin daidaito, masu burauza suka dusashe agogonsu da gangan. A shafi na yau da kullum Chrome yana tsayawa a mikirosakan 100, Firefox a milisakan 1. Matakalar da ka gani a can ba laifinka ba ce.

To, agogo ya gyaru. Muka sake gwaji sau ashirin a jere, sai na farko ya ba mu sama da milisakan arba'in, na biyu tara, sauran suka zauna a wajen shida. Wannan sawun kowa ya san shi a rayuwa ko da bai san kwamfuta ba. Kofin farko a teburin mai shayi da asuba ya fi kowanne daɗewa, domin sai an hura wuta, an fasa gwangwanin madara, an ɗauraye kofuna. A zagayen farko fayil ɗin lissafin daga faifan ajiya aka ɗauko shi. Daga nan Windows ta ajiye kwafinsa a ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ba a sake komawa faifai ba. Shi ma furosesa, injin da ke aiwatar da umarnin kod, yana da tasa 'yar ma'ajiyar kusa da hannu: abin da ke cikin mafi kusa yana samunsa a kusan nanosakan ɗaya, wanda sai an je ram kuwa yana kai wa kusan ɗari. Sukarin da ke kan tebur da wanda ke cikin shago a baya ba ɗaya ba ne. Ga kuma harsunan da ke koyon kod ɗinka yayin da yake gudu. Java da injin V8 na Chrome suna farawa da fassara a hankali, sai sun ga wane ɓangare ake yawan bi sannan su mayar da shi harshen inji. Python ma tun 3.11 a 2022 yana sauya wasu umarninsa bayan ya ga irin bayanan da ke ratsa su.

Shawarar da za ka ji ko'ina ita ce ka zubar da zagayen farko. Ban yarda a bi ta ido rufe ba. Mahaifin yaron nan sau ɗaya yake buɗe shafin da asuba kafin motoci su fara sauke kaya, don haka zagayen sanyin nan shi ne ainihin abin da yake gani kullum. Sabar da ke amsa mutum dubu a minti kuwa, zagayen ɗumi ne rayuwarta. Awo biyu ne daban, kowanne a rubuta shi da sunansa. Kuma ko ɗumin ba shi da tabbas kamar yadda ake zato. A 2017 Edd Barrett da Laurence Tratt na King's College ta Landan da abokan aikinsu sun gwada injinan harsuna da dama cikin tsananin kulawa, suka samu cewa ƙasa da rabin gwaje-gwajen ne ke kai wa ga daidaitaccen gudu mafi sauri a kowane lokaci. Wasu ma ƙara jinkiri suke yi bayan ɗumin. Saboda haka ba a cewa na zubar da biyar na farko, shi ke nan. Sai an duba jerin da ido.

Shafi na biyu na littafin shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin nan ne rikicin safe da rana yake. Wani abokinsa ya ba shi shawarar maimaitawa, sai ya riƙa gudanar da kowace hanya sau 5,000, kusan rabin minti ke nan kowacce. Da safe: tsohuwa sakan 41, sabuwa 31. Bayan Azahar: tsohuwa 30, sabuwa 38. Na tambaye shi wacce yake fara gudanarwa.

"Tsohuwar, Kawu. Kullum ita ce farko."

Nan gizo yake saƙar. Da safe yana kunna kwamfutar yake fara gwaji, a daidai mintunan da Windows ke ta kai-kawo: neman sabuntawa, binciken ƙwayoyin cuta, lissafa fayiloli. Tsohuwar hanya ita ke shan wannan cunkoson, kafin a zo kan sabuwa hanya ta buɗe. Da rana kuma labarin ya juya. Furosesar zamani ba ta da gudu ɗaya. Tun 2008 Intel ta shigo da Turbo Boost, inda furosesa ke haura gudunta na asali muddin zafi da wutar da take ja ba su wuce iyaka ba. A yawancin laftof wannan zaburar ba ta kai minti ɗaya, sai a dawo da ita ƙasa. Idan zafi ya doshi digiri 100 kuwa, furosesar da kanta take taka birki don kada ta ƙone. Yanzu ka haɗa wannan da ɗakin kwano a Agege a watan Maris, fanka a tsaye, laftof a kan katifa inda ƙofofin iskarta suke toshe. Na sa hannu a gefen da iska ke fita, da ƙyar nake jin hucinta, amma robar wajen tana ƙona yatsa. Tsohuwar hanya ta cinye rabin mintin zabura, sabuwar ta zo ta tarar da inji ya gaji. Jerin gudanarwa guda ɗaya ne ya yi masa ƙarya sau biyu, da safe ta wannan gefe, da rana ta wancan.

Sawun zafi gangare ne, lambobi suna hawa a hankali yayin da gwaji ke tsawo, in ka bar kwamfutar ta huta su dawo. Sawun wuta kuwa tudu ne lokaci guda. A gefen wani shafi yaron ya rubuta "an ɗauke wuta", kuma daga wannan layin zuwa ƙasa kowane awo ya ƙaru da kusan rabi. Laftof tana komawa kan batir take rage gudun furosesa don ta ja lokaci. Wanda ke aiki a inda wuta ba ta yankewa zai iya shekara bai ga wannan ba. Mu da ke tsakanin wutar gari da janareta da inbata dole mu rubuta a gefen kowane awo ko caja na jone.

Maganin da ya fi kowanne araha shi ne cuɗawa. Kada ka gama da ɗaya sannan ka koma ɗaya. Tsohuwa, sabuwa, sabuwa, tsohuwa, haka har zagaye talatin ko fiye, domin duk abin da zai sami ɗaya ya sami ɗayar. Jona caja, ɗora kwamfutar a kan tebur, bar ta ta yi minti goma bayan kunnawa, buɗe Task Manager, tagar Windows mai nuna aikin kwamfuta, ka sa ido a kan gudun furosesa. A Linux ana iya kafe gudun a kashe zaburar gaba ɗaya, kuma kayan aiki irin pyperf da hyperfine suna ɗauke maka yawancin wahalar maimaitawa da ɗumamawa.

Sauran sawayen zan bi su da sauri. Idan lambobinka suka rabu gida biyu, tari ɗaya a shida, tari ɗaya a goma, babu komai a tsakani, ka tuhumi kawunan furosesa, wato ƙananan injinan da ke cikinta masu raba aiki. Kamar murhun gas ne mai babban kai da ƙaramin kai. Wayoyi sun daɗe a haka, tun da ARM ta sanar da tsarin big.LITTLE a 2011, Intel kuma ta kawo shi kwamfutoci da zubinta na 12 a 2021. Aikinka na iya faɗawa kan babba yanzu, anjima kan ƙarami. A Linux umarnin taskset yana ɗaure shi a kai ɗaya. Idan kuwa yawancin lambobin suna kwance, sai ɗaya ta yi tsini a tazara kusan daidai, mai kwashe sharar ƙwaƙwalwa ne, wato ɓangaren da ke share bayanan da aka gama amfani da su, ya tsayar da aiki ya yi nasa. A sani cewa timeit, kayan awon sauri na Python, yana kashe wannan mai sharar yayin awo, don haka lambarsa ta fi tsabta, amma manhajarka a wajen aiki da shi take gudu. Idan tsinin ba shi da tsari, wata manhaja ce ta karɓe furosesa na ɗan lokaci. Hanyar tabbatarwa ita ce ka auna da perf_counter da process_time tare. Na farko yana ƙirga duk lokacin da ya wuce, na biyu yana ƙirga wanda furosesa ta yi wa aikinka kaɗai. Idan na farko ya yi tsalle na biyu bai motsa ba, kod ɗinka jira ya yi, ba aiki ba. A sabar haya wadda kuke rabawa da wasu, duba gurbin st a cikin top, manhajar Linux mai nuna aikin furosesa, shi ne lokacin da aka ba maƙwabci alhali kana buƙata.

Masu harsunan C da Rust da Java suna da nasu tarkon: awon da ya yi kyau fiye da kima. Ka ninka maimaici sau goma lokaci bai ƙaru ba. Mai fassara kod zuwa harshen inji ya lura ba ka amfani da sakamakon, sai ya cire aikin ɗungurungum. Saboda wannan ne kayan awo irin JMH a Java da Google Benchmark suke da hanyar tilasta masa ya ɗauka ana buƙatar sakamakon.

Akwai kuma wanda ba ya nuna rawa ko kaɗan, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. A 2009 Todd Mytkowicz da abokan bincikensa uku sun nuna cewa abubuwan da ba su da alaƙa da kod, kamar girman bayanan saiti da Unix (dangin Linux) ke miƙa wa manhaja idan za ta tashi, ko jerin da aka haɗa fayiloli da shi, suna sauya inda abubuwa ke zama a ƙwaƙwalwa, har su sa gyaran da ba shi da amfani ya zama kamar ci gaba, ko akasin haka. Sun duba takardun bincike 133 ba su samu wadda ta kula da wannan yadda ya kamata ba. Awonka zai fito iri ɗaya sau ɗari, ya kuma kasance karkatacce sau ɗarin. Shi ya sa idan wani ya ce min gyaransa ya ƙara sauri da kashi biyu ko uku cikin ɗari a kan kwamfuta ɗaya, nakan roƙe shi ya gwada a wata kafin mu yi murna.

Yaron ya tambaye ni, to cikin lambobi talatin wacce zai ɗauka? Na ce masa ya tuna tafiya daga Agege zuwa Obalende ta gadar Third Mainland. Ranar Lahadi da asuba, hanya fayau, lokacin da ka ɗauka yana faɗa maka ƙarfin motarka. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar awo, kuma shi takardun timeit suke ba da shawarar a duba idan ana kwatanta ƙananan guntayen kod, domin cunkoso ƙara lokaci yake yi, ba ya ragewa. Idan ka jera tafiye-tafiyen wata guda daga gajere zuwa dogo ka ɗauki na tsakiya, ka san abin da za ka tarar a ranar aiki. Wanda zai kama jirgi kuwa, mafi munin ranakun ne ya dame shi, ɗaya cikin ɗari da tirela ta faɗi a kan gada. Tara-a-raba shi ne ya fi rauni a cikinsu, domin ranar tirela ɗaya ta isa ta ja shi zuwa lambar da ba a taɓa yin tafiya a cikinta ba. Ni nakan rubuta uku tare, mafi ƙanƙanta da na tsakiya da na can ƙarshe, kuma nakan zana jerin ko da a takardar lissafi ce.

Muka cuɗa hanyoyin biyu zagaye arba'in, caja a jone, laftof a kan tebur. Na tsakiyar tsohuwa milisakan 6.1, na sabuwa 5.7. Sabuwar ta fi sauri da gaske, amma da abin da bai kai rabin milisakan ba. Mahaifinsa kuwa sakan bakwai yake jira.

Sai na ce ya sa agogon a kan shafin gaba ɗaya, daga dannawa har fitowa, kuma ya auna da agogo biyun nan tare. perf_counter ya ce sama da sakan bakwai, process_time bai kai ɗaya bisa goma na sakan ba. Jira ne zalla. Rumbun bayanan nasa yana kan wata sabar haya a Turai, kuma kod ɗin yana aika tambaya daban a kan kowane abokin ciniki, su wajen sittin, ɗaya bayan ɗaya. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tana da tsawon kusan kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, ke nan zuwa da dawowa milisakan 70 ne tun kafin a ƙara tafiyar cikin Turai da ta hasumiyar waya zuwa hannunka. Babu gwanintar kod da za ta rage wannan. Kowace tambaya tasa tana cin wajen milisakan 120, sau sittin, ga sakan bakwai da 'yar ɗoriya nan. Shi ma wannan awon yana da tasa rawar: buƙatar farko ta fi tsawo saboda neman adireshi da musafahar tsaro, da yamma layin waya ya cika, kuma duk wanda ke Legas ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, ya ga yadda hanya ɗaya ke iya ninka tsawonta a wuni guda.

Kafin Isha'i ya mayar da tambayoyi sittin ɗin tambaya ɗaya, shafin ya koma buɗewa cikin ƙasa da rabin sakan. Ɓangaren jimilla kuma ya bar tsohuwar hanyar, don ta fi sauƙin karantawa idan ya dawo mata bayan wata shida. Ranar Litinin ya kai laftof ɗin Computer Village a Ikeja, mai gyara ya kwance bayanta ya zaro dunƙulen ƙura kamar auduga daga bakin fankar, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo, ya kuma sauya ɗan batirin agogon. Da daddare ya turo min hoton sabon shafi daga littafinsa, awo arba'in a jere da ya yi da ƙarfe biyu na rana, duk tsakanin 5.6 da 6.3, kuma a saman shafin ya rubuta: caja a jone, wutar janareta, a kan tebur.